Zauren Maigida: Yadda Sabo ta Badun Ta Kafu

Tun rikicin kasuwar Sasa ta Badun na Fabrairun 2021, in yaron Dutsin-Ma ko Kurfi ya ɗaura kaya zai tafi cirani Badun, tambayar iyaye ɗaya ce: gidan wa za ka sauka? Tambayar ta girmi Sasa nesa ba kusa ba.

Fatake sun daɗe suna ratsa ƙasar Yarbawa, suna sauka a gidajen 'yan gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, shanu suka riƙa gangarawa, goro na haurowa. A 1916 aka yanka wa Hausawa fili wajen Mokola ƙarƙashin sarkinsu. Ita ce Sabo.

Masu cewa Turawa ne suka ƙago ta don raba kan jama'a suna da 'yar hujja, don a lokacin ana zargin baƙi da ɓoye ɓarayi, hukuma na son tara su wuri guda. Amma fili kawai hukuma ta bayar. Abin da ya riƙe unguwar, a ganina, bashi ne.

Saniyar Arewa ba ta jure ƙudan tsando, in ta kwana biyu a Kurmi sai rama. Dole a sayar da wuri, mahautan gari kuwa sai sun yanka sun sayar kafin su biya. To wa zai tsaya wa baƙon da bai san kowa ba? Maigida. Shi ke ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗi. Ya san mahaucin da ke cika alkawari da mai taurin bashi, wanda kuma ya ci kuɗin baƙo sai masu gida su haɗa baki su hana shi shanu. A zauren nan ake jinyar marar lafiya, daga nan ake suturar mamaci. Sifaniyawan Tampa ta Amurka sun kafa ƙungiyar Centro Español a 1891 don irin wannan bukata, da karo-karon wata-wata. Namu ba kati ba rajista, sunan maigida ne jingina.

Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a farkon shekarun 1960, ya ba ɗariƙa muhimmanci a littafinsa na 1969: da siyasar jam'iyyu ta shigo a farkon shekarun 1950, ikon sarki ya yi rauni, sai mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. Ban musa ba. Sai dai wazifa ta tarar da amanar da ta shekara talatin tana aiki, ƙarfafa ta ta yi.

Yau tirela da tura kuɗi ta waya sun rage wa maigida aiki, yaranmu kuma da yawa ba shanu suke kaiwa ba, acaba ce da dako. Su ne ke kwana a rumfunan kasuwa, ba zauren da ya san sunan ubansu, kuma wannan ya fi komai damuna.