Kakan Kwabo: Yadda Ake Gane Tsofaffin Kuɗin Azurfa Na Ingila

Iyayenmu da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 sun san kwabo goma sha biyu sule ɗaya ne, sule ashirin kuma fam ɗaya. Daga Ingila wannan lissafin ya zo mana. Sai dai kakan kwabon ba jan ƙarfe ba ne, 'yar azurfa ce siririya, nauyinta bai kai giram ɗaya da rabi ba, kuma da guduma ake buga ta. Har yau masu yawo da na'urar gano ƙarfe suna tono irinta a gonakin Ingila, kowa kuma yana son sanin zamanin wane sarki aka buga tasa.

Za mu zaci sunan sarkin da ke gaban kwabon ya wadatar, amma yakan ruɗar. Daga 1180 zuwa 1247 sarakuna huɗu suka yi mulki: Henry na Biyu, Richard, John da Henry na Uku, amma duk kwabon da aka buga a Ingila sunan Henry yake ɗauke da shi. Don haka masana sukan juya bayansa.

A baya akwai gicciye. In gajere ne, ya tsaya a tsakiya, to na waɗancan shekarun ne. In ya kai har baki, daga 1247 ne zuwa sama. An tsawaita shi ne saboda masu gutsurar gefen kuɗi suna tara azurfa. In gicciye ya ragu, an gane ɓarna. Rubutun da ke kewaye kuma yana nuna sunan maƙerin da garinsa. A 1279 Edward na Ɗaya ya sa aka riƙa rubuta gari kawai, kamar Landan ko Kantabari.

Sunan maƙeri ba ado ba ne, shaida ce a kansa. A ƙarshen 1124 Henry na Ɗaya ya sa aka yanke hannun dama na maƙeran da aka kama da gurɓata azurfa.

In aka tono rabin kwabo ko kwata, ba lalacewa ya yi ba. Kafin 1279 bin gicciyen ake yi a tsaga shi don a samu canji.

Tun 1997 hukumomin Ingila ke karɓar bayanan abin da mutane suka tsinta, ana rubuta gonar da aka samu kowane kwabo, domin wurin ma yana nuna inda kasuwa ta ci a da.