Inuwa

inuwa (suna, mace, jam'i: inuwoyi)

1. Wurin da wani abu ya tare hasken rana: *Mun zauna a inuwar kuka.*

2. Kariya ko jituwa: *Ba sa shan inuwa ɗaya.*

3. (Ilimin halayyar ɗan Adam) Ɓangaren halin mutum da yake ƙyama har ya ƙi yarda nasa ne, kamar hassada, girman kai ko tsoro, sai ya riƙa hango shi a jikin wasu. Carl Jung (1875–1961), likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya sa ta cikin siffofin asali da ya ce dukkan bil'adama sun yi tarayya a kansu.

Marubuta ƙagaggun labarai sun ci moriyar wannan ma'ana ta uku sosai. A littafin Ursula Le Guin, *A Wizard of Earthsea* (1968), Ged yaro ne mai baiwa a makarantar sihiri ta tsibirin Roke. Don ya kunyata abokin hamayyarsa Jasper, ya kira ruhin wata matacciya, sai wata baƙar halitta ta ɓullo ta yage masa fuska. Ya yi ta gudu tana bin sawunsa, har malaminsa Ogion ya ce ya juya ya farauce ta. A can ƙarshen teku Ged ya kira ta da sunansa na gaskiya, suka zama abu guda, domin inuwarsa ce.

Masana da dama na ganin ra'ayin Jung bai da hujjar gwaji, kuma suna da gaskiya. A fagen adabi dai yana aiki.