Ɓata Hanya Da Gangan: Tarihin Wasannin Almara Na Akwatin Talabijin

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun wani nau'in wasa da ake yi da na'urar da ake jona wa talabijin, inda ɗan wasa yake sarrafa jarumi cikin ƙasar almara, ya shiga kogwanni, ya yaƙi dodanni, ya nemo mabuɗan ƙofofi. A tatsuniya mai sauraro ba ya ɓata, domin mai bayarwa ne yake jan ragama. A nan kuwa ragamar tana hannun ɗan wasa, kuma tun farko abin da ya dami masu ƙirƙira shi ne, a bar shi ya yi ta dawurwura, ko a nuna masa hanya.

Mafarin abin dai Amurka ne. A 1980 kamfanin Atari ya fitar da wasan Adventure, wanda Warren Robinett ya tsara cikin kilobait 4 kacal. Jarumin ɗan murabba'i ne kawai, dodanni ukun kuwa sun fi kama da agwagi. Da yake kamfanin ba ya bayyana sunan ma'aikatansa, sai Robinett ya ɓoye nasa a wani ɗaki na asiri, har wani ɗan wasa ya tono shi. Daga nan aka fahimci cewa neman abin ɓoye kansa abin sayarwa ne.

Bayan kasuwar wasanni ta Amurka ta durƙushe a 1983, sai ragamar sana'ar ta koma Japan. Ranar 21 ga Fabrairu 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da The Legend of Zelda, aikin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka. Miyamoto ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro cikin dazuzzuka da kogwannin Sonobe, kusa da Kyoto, shi ne tushen wasan. Akan ajiye jarumi Link a fili ba ko takobi, ba kuma mai ce masa gabas ko yamma. Wata ƙofar ma sai an ƙone bishiya, ko an fasa dutse, take bayyana. Ba sakaci ba ne: nufinsa yara su riƙa tambayar juna a makaranta. Da wasan ya isa Amurka a 1987, cikin kaset mai launin zinariya da batirin da ke adana inda mutum ya tsaya, sai kamfanin ya tanadi ma'aikata masu amsa wayar waɗanda suka maƙale. An sayar da fiye da kwafi miliyan 6.

A 1998 Ocarina of Time ya kai wasan cikin fili mai zurfi da faɗi, inda ɓata ya fi sauƙi, don haka aka haɗa Link da wata 'yar aljana mai suna Navi, tana tunatar da shi abin yi. Masu sharhi sun yaba ƙwarai. Har yau makinsa 99 cikin 100 ne a Metacritic. Ya kamata a ambata cewa kasetocin farko suna ɗauke da sautin addu'ar Musulmi a kiɗan wani ɗakin bauta, da kuma tambarin jinjirin wata da tauraro. An sauya duka biyun a fitowar baya, kamar yadda aka mai da Baibul na wasan 1986 littafin sihiri a fitowarsa ta Amurka.

To amma riƙon hannun ya yi ta ƙaruwa. A Skyward Sword na 2011, mai rakiyar takan tsai da wasa domin ta gaya wa mutum abin da idonsa ya riga ya gani. A ganina wannan raina hankalin ɗan wasa ne, kuma ƙorafin da aka yi ya yi daidai.

Kamfanin ya ji. Lokacin da ake shirya Breath of the Wild, wanda ya fito a 2017, masu tsara shi sun fara gina ɗan gwaji da kamannin wasan 1986. A wasan da suka fitar, da zarar ɗan wasa ya sauko daga tudun farko, yana da ikon ya nufi fadar Ganon kai tsaye, ko da sanda ce kawai a hannunsa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30.