Farfesa Tait da ƙwallon da ta ƙi bin lissafi

Golf wasa ne da ya girma a ƙasar Sikotilan: ana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda, a bi ta daga rami zuwa rami har 18, kuma mai ƙarancin bugu shi ke da nasara. A filin garin St Andrews ne Peter Guthrie Tait, farfesan kimiyya na jami'ar Edinbura tun 1860, yake hutun bazara. Nan ya gamu da matsalar da ta ɗauke masa hankali shekaru da dama.

Abin da ɗalibi ke koya a aji shi ne, in ba a kula da iska ba, jifa ya fi nisa idan aka harba shi a kusurwa mai digiri 45. Su kuwa gwanayen golf ƙasa-ƙasa suke bugu. Tait ya sa jan iska cikin lissafinsa, amma sakamakon ya ƙi dacewa da abin da ido ke gani: ƙwallon gwani takan yi sakan 6 ko fiye a sama, alhali a takarda ta riga ta faɗi. Wani malami da sai ya zargi mai riƙe agogo. Tait lissafinsa ya zarga.

Ya liƙa wa ƙwallo siririn ƙyalle, aka buga ta cikin yumɓu, sannan ya ƙirga sau nawa ƙyallen ya murɗe. Ashe ƙwallon tana juyawa da baya yayin da take gaba. Juyin nan yakan sa iskar da ke bi ta samanta ta fi ta ƙasa sauri, matsin sama ya ragu, sai ƙwallon ta sami abin da ke tallabe ta. Bajamushe Gustav Magnus ya bayyana wannan ƙarfi tun 1852, kan harsashin igwa; Tait ne ya shigar da shi cikin lissafin tafiyar ƙwallo, a rubuce-rubucensa na 1890 zuwa 1896.

Cikin masu buga masa ƙwallon gwaji akwai ɗansa Freddie, wanda ya ci kambun ƴan wasan sha'awa na Birtaniya a 1896 da 1898. Ana ba da labari wai uban ya tabbatar da iyakar nisan bugu, ɗan ya tashi ya wuce ta. Labarin yana da daɗin ji, amma ya rage wa dattijon daraja, domin irin wannan saɓani ne ainihin abin da ya je nema.

Freddie ya rasu a yaƙin Afirka ta Kudu cikin Fabrairun 1900, uban ya bi shi a 1901. A 1905 wani injiniyan Ingila, William Taylor, ya nemi rajistar ƙwallo mai ƙananan loɓa a jiki, irin wadda ake bugawa har yanzu. Ƴan wasa sun daɗe da lura cewa tsohuwar ƙwallo mai tabo ta fi sabuwa mai santsi nisa.