Fuka da Shaidar Jini a Makka

Tun zamanin da alhazan ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙafa, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, har wasunsu su zauna a unguwar Misfala ta Makka, ciwon ƙirji bai rabu da Makka ba, domin ƙura da zafi da cunkoson Mina kan tayar da tari, mai fuka kuwa ya fi kowa shan wuya. A wancan lokaci hujjar mai magani kunnensa ne: ya saurari kukan ƙirji, ya ba da habbatus-sauda da zuma, alhali rarrabe fuka da tarin mura yakan gagare shi.

A shekarar 1879 Paul Ehrlich, likitan Jamus, ya rina jini da jan rini, ya bayyana ƙwayoyin iyosinofil, waɗanda kan yawaita a jinin masu fuka da dama idan hanyoyin numfashi suka kumbura. Yau a asibitocin Makka ana ɗibar jinin majinyaci a ƙirga su. Sai dai a ganina wannan alama ce mai ƙarfafa zato, hukunci ba ya tabbata sai an auna ƙarfin numfashi, domin tsutsar ciki ma takan ɗaga adadinsu.