Tarihin Ɗinkin Fim ɗin Majigi

A cikin shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin yin fim domin ƙasashen da ke hannunta, ta danƙa shi ga William Sellers, wanda dā ma'aikacin tsabta ne a Ikko. Motocin majigi suka riƙa zaga garuruwan Arewa, ma'aikatan En'e ke tara jama'a a ƙofar fada. In fim ya tsinke a gaban Sarki, kunyar ta kowa ce.

Dā akan kankare bakin fim, a shafa wani ruwa mai narkar da shi, a danne. Amma fim mai magana, mai faɗin milimita 16, gefe guda kaɗai ke da huji, ɗayan na murya ne. Muryar kuwa tana gaban hotonta da hoto 26, watau in an yanke, maganar da ta ɓace ba ta hoton da aka cire ba ce.

Bayan 1950 Leo Catozzo, mutumin Italiya, ya ƙago na'urar liƙawa da tef. Sai dai ga fim mai zanen maganaɗisu, in tef ya rufe zanen murya takan ɗauke. Saboda haka masu gyara suka rage faɗinsa, ya tsaya daidai bakin zanen.