Mazari da Yo-yo: Tarihin Juyi a Kan Zare

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon gasar yo-yo a wayarsa ya san yadda abin yake ɗaure kai. Ba yoyon ɗaki da damina muke nufi ba. Wani abin wasa ne mai kamar ƙananan faya-fayai biyu da aka haɗa baya da baya, da zare a tsakaninsu. Yaro zai wurga shi ƙasa, ya tsaya a ƙarshen zaren yana juyi kamar ba ya motsi, a ɗora shi kan zare, a sa shi ya bi kan yatsa, sannan a fizgo shi ya dawo tafin hannu. Wanda ake shiga gasa da shi yawanci na ƙarfe ne, nauyinsa tsakanin giram 60 da 70, kuɗinsa kuwa yakan kai dala 100 ko fiye. Masu sayensa kan yi gardama a kan abu uku: inda aka tara masa nauyi, yadda aka gyara jikin ƙarfen, da kuma ko yana rawa idan yana juyi. Mu da muka tashi a kudancin Kano, tsakanin Bebeji da Kiru da Tudun Wada, mun taɓa jin irin wannan gardama, amma a bakin tsofaffi masu kaɗi, kuma a kan mazari suke yin ta.

Bari mu fara da baƙon. Yo-yo tsohon abu ne, domin akwai zanen yaro yana wasa da shi a jikin wani kaskon Girkawa da aka yi wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙarshen ƙarni na 18 ya zama abin yayi a Faransa da Ingila. Sai dai a duk tsawon wannan zamani ƙulle zaren ake yi a jikin sandar tsakiya, don haka in ya sauka sai ya hau, ba shi da wani aiki bayan wannan. A 1928 wani ɗan ƙasar Filifins mai suna Pedro Flores ya buɗe masana'anta a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya yaɗa irin wanda ake zarga wa zare ba tare da ƙulli ba. Wannan ɗan sauyi shi ya ba yo-yo damar tsayawa a ƙasa yana juyi a cikin zargen, abin da masu wasan ke kira barci. Bayan 'yan shekaru Donald Duncan ya sayi kamfanin, a 1932 kuma aka yi gasar duniya a Landan.

Tun daga nan, tambayar da masu ƙira suka sa a gaba ita ce yadda za a tsawaita barcin. Amsa ta farko tana wurin nauyi. Abin da ke juyi, in aka tara nauyinsa a baki-baki nesa da tsakiya, ya fi daɗewa bai tsaya ba, ya kuma fi wuyar karkacewa. Lissafin ma a fili yake: in ka ninka nisan nauyi daga tsakiya sau biyu, tasirinsa zai ninku sau huɗu. Shi ya sa aka tashi daga katako aka koma roba, daga roba aka koma alminiyom, wanda injin mai aiki da kwamfuta zai iya sassaƙe cikinsa ya yi siriri, ya bar kaurin a baki. A yau har zoben ƙarfe mai nauyi da ba ya tsatsa ake ɗaura wa bakin alminiyom ɗin. Amsa ta biyu ita ce rage guga a tsakiya. Wani likitan haƙori a San Francisco, Tom Kuhn, ya fito da samfurin SB-2 a 1990, na alminiyom mai ɗan ƙaramin boris a tsakiya, zaren ya daina gugar sanda. Barcin da a da ake ƙirga shi da daƙiƙa ya koma ana ƙirga shi da minti.

Amsa ta uku ita ce wadda ido ya fi ruɗuwa a kanta, wato jikin ƙarfen. Bayan an sassaƙa shi, akan tsoma shi a ruwan asid a saka wutar lantarki, sai ya yi wata fata mai tauri wadda ke shan rini. Kafin nan kuwa, ko dai a goge shi ya yi sheƙi kamar madubi, ko a fesa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi ya yi dishi-dishi. Mai sheƙin ya fi kyau a hoto, amma da ya taɓa hannu mai gumi sai ya kama fata, juyin ya mutu. Mai dishi-dishin shi ke sulɓewa a kan yatsa, domin kaɗan ne daga jikinsa ke taɓa fatar. In kuma kaushin ya yi yawa, sai ya riƙa cin zare har ya tsinke. A can ciki kusa da boris, da gangan ake manna roba mai kama zare, don in ba ita yo-yo ba zai dawo hannu ba. Ke nan a jikin abu ɗaya akwai inda ake son santsi, da inda ake son ɗan kaushi, da inda ake son riƙo.

To, mu dawo gida. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya bi ta Bebeji a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya tarar da babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. A 1851 Heinrich Barth ya zauna a Kano, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Ana yawan tuna masaƙa da marinan Kura da na Ƙofar Mata idan ana wannan labari. Amma kowane zare da ya shiga waccan saƙa sai da ya bi ta tsakanin yatsun wata mace a cikin gida, bayan ta gurje audugar ta shiɓe ta. Injin da ya ɗauki nauyin wannan ciniki duka shi ne mazari: siririn tsinke mai tsini, da gululun yumɓu a gindinsa.

Duba yadda tambayoyin nan uku suka bayyana a jikinsa. Dokar nauyin ɗaya ce, amma mai kaɗi ta zaɓi akasin abin da mai yo-yo ya zaɓa. Silin auduga gajere ne, yana buƙatar murɗi mai yawa cikin sauri kafin ya zama zare, don haka gululu dunƙule yake, nauyinsa a tare kusa da tsinke, yadda murzawa ɗaya za ta sa shi gudu. Ƙarami mara nauyi na siririn zare ne, babba kuwa na abawa. Batun guga ma an san shi. Ba a barin mazarin auduga ya yi ta reto da nauyinsa a jikin zaren da bai gama murɗuwa ba, ana dora tsininsa ne a kan wani abu mai santsi ya yi juyinsa a nan. Wannan shi ne boris ɗin kakanninmu. Yatsu kuma, inda ake son riƙo, ana dangwala musu alli don ya shanye gumi. Rawa ita ce babban aibi a wurin duka biyun. In hudar gululu ba ta zauna a tsakiya ba, ko tsinken ya tanƙware, mazari zai yi ta kakkarwa, zare ya fito wani wuri kauri wani wuri siriri. Har yau in mutum ya firgita cewa muke yi jikinsa na rawa kamar mazari, ko da yake da yawanmu ba mu taɓa riƙe shi ba.

Wannan sana'a ba ta faɗi cikin sauƙi ba. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Ingila don samar wa masaƙun Lankasha auduga, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Turawa sun zaci audugar ƙasar Kano za ta kwarara zuwa teku, sai suka tarar masu saye don kaɗi da saƙar gida suna biyan farashin da ya fi nasu, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa a matsayin abin sayar wa Turawa. Ashe macen da ke zaune da taskirarta a tsakar gida tana cikin waɗanda suka taka wa Manchesta burki na wani lokaci. Abin da ya ci ƙarfinta daga baya shi ne zaren inji mai araha da yadin kanti, musamman bayan masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Su ma masaƙun zamanin sun durƙushe daga baya, aka wayi gari babu tsohon babu sabon.

Abin da ya rage mana shi ne sanin da ke kan yatsun 'yan tsofaffin da suka yi kaɗi da ƙuruciyarsu. Masu ƙera yo-yo suna rubuta nauyin kowane samfuri da faɗinsa da irin gyaran jikinsa, wanda ya zo baya ya ɗora daga inda na gaba ya tsaya. A gidajenmu kuwa an bar gululu a tsohon kwando, jikoki suna wasa da shi har ya fashe. Mu masu aikin rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa idan wanda ya san sirrin tsari ya tafi bai rubuta komai ba: dole a sake farawa daga tushe. Wanda yake da kaka ko gwaggo a Bebeji ko Doguwa da ta taɓa kaɗi, wayar da yake kallon yo-yo da ita tana ɗaukar murya da hoto. Ya je ya gaishe ta, ya ce, “Iya, yaya ake gane mazari mai kyau?” Sannan ya yi shiru ya saurara.